Mai Zuba wa Tafki Kanwa

Shekara tara ke nan da rasuwar maigidana, Injiniya Habu, kuma har yau tambayar da ya bar mini ta hana ni sakat.

Aikinsa kula da ruwan sha ne. Muna zaune a Manassas, a Amurka, aka gano wata baƙuwar ƙumbar ruwa mai rai, 'yar mitsitsiya mai zane a ɓawo, ta cika wani tafki da ke kusa da mu. In ta kai bututun gari za ta toshe shi. Aka sa su Habu su zuba wa tafkin wani sinadari ɗan'uwan kanwa har sai ta mutu kaf. Ni kuwa na samu abin tsokana. Nakan ce duk wannan boko ashe miyar kuka ya zo kaɗawa Amurka.

Da farko yana dariya, daga baya ya daina. Mahaifinsa mahauci ne a Gusau, a gidansu ba a ɗaukar rai sai da bisimilla. Don haka kafin ya kunna injin zuba maganin sai ya fuskanci alƙibla ya ambaci sunan Allah, abokan aikinsa suna jira. Ranar da masu nutso suka fito da ɓawo buɗe birjik, alamar ƙumbar ta mutu, ana ta murna, shi ko abinci bai taɓa ba.

Ya tambayi malamai nan da gida. Suka ce abin da ke cutarwa ana kawar da shi. Sai ya ce to, sauran ƙananan halittun da wataƙila suka mutu tare da ita fa, su wa suka cutar?

A asibiti, jiki ya yi nauyi, ya riƙe hannuna ya ce, "Maman Safiya, kina ganin za a tambaye ni su a lahira?"

Na ce, "Haba Alhaji, mutane ka ceta."

Ya ce, "Ba wannan na tambaye ki ba."

Yanzu ina jin ƙumbar ta ɓulla a wasu jihohin, ana ta zuba magani. Da yana raye ban san ko zai je ba. Ruwa dai yana zuwa gidajenmu lafiya lau, wannan ya bar wa mutane. Ni kuwa wallahi na gaji, na yi kuka, na yi sadaka, zuciyata ta ƙi kwanciya.

Masu ilimi da ke karanta wannan shafi, don girman Allah wani ya ba ni amsar da zan yarda da ita. Na fara tsufa, ba na so in je in same shi ban zo da komai ba.