Yadda Na Sayar da Mai Maganin Marigayi Nura

Ni dai mai tuwo ce. Ban taɓa shiga aji ba, kuma kafin abin da zan faɗa muku ko allurar wani ban ɗauka ba. A Gumel nake girka tukwanena, jikin wata rumfar cajin waya inda samari ke yini suna wasan yaƙi a wayoyinsu. Ba ni da yawan magana, amma idona da kunnena suna kansu.

A nan na gane wasan. Kowa da mutuminsa a ciki: wani mayaƙi, wani maharbi, wani mai magani da ke bin bayan 'yan uwa yana tayar da wanda ya faɗi. Akwai kuma akwatin sa'a da ake saya, a buɗe, ko a sami takobi ko a sami tsumma. Kullum musu suke. Wannan ya ce caca ce, wancan ya ce ai mara kuɗi ne ke faɗin haka.

Wata rana wani ya ce cikin raha, "Iya, taɓa min wayar nan ko na ci albarkacinki." Na taɓa da hannun miya. Yana buɗewa sai ga takobin da duk suke nema. Da na ce musu dace ne, da ban san ƙofar kurkuku ba. Sai na yi shiru.

Labari ya bazu har Gagarawa, na fara karɓar ɗan goro. Sai wani dillalin waya na Maigatari ya zo ya nuna min inda riba take. Na riƙa cewa waya ta yini a ƙwaryata a rufe da faifai, daga Azahar zuwa La'asar, kuma a cire mata lambar sirri, wai makulli yana tare sa'a. Shi kuma dillalin ya kwashi bayanan shiga wasan daga wayar, bayan makonni ya sayar da mutumin wasan a ƙetaren iyaka. Mai waya ya wayi gari an kulle shi, ya kasa shiga wasansa, ni kuwa in ce ya saɓa sharaɗi.

Ana haka Habibu ya zo, wani tela daga Sule Tankarkar. Ya ce, "Iya, wayar nan ba tawa ba ce, ta Yaya Nura ce. Ya rasu a hatsarin mota." Nura shi ne mai maganin ƙungiyarsu a wasan, su da samarin rumfar. Dokarsu ita ce ganima bi da bi ake raba ta, kuma ko bayan rasuwarsa ba su tsallake shi ba. In layi ya zo kansa sai su zuba masa rabonsa. Duk Juma'a Habibu kan buɗe, ya kunna wa mahaifiyarsu muryoyin da Nura ya bari a ciki. Wata farar riga ta cikin wasan yake so ya samo masa, wadda Nura ya nema har ya mutu bai samu ba.

Na ji duk wannan, kuma na sa hannu na karɓa.

Bayan mako uku, da rana tsaka, rumfar ta yi tsit. Kowace waya ta nuna Nura ya shigo. Habibu na zaune, wayar Nura tana aljihunsa a kashe. Na leƙa wayar wani na ga mai maganin Nura yana tafiya shi kaɗai a wani fili, yana tuɓe kayan da suka tara masa ɗaya bayan ɗaya. Suka yi masa sallama, bai amsa ba. Ya juyo ya tsaya yana fuskantarsu. Ni da na san gaskiya ma sai da tsigar jikina ta tashi.

Maganar ta kai kunnen mahaifiyar Nura, ta daina cin abinci. Ranar kasuwa ta zo ta durƙusa gaban tukwanena, ta ce a hankali, "Baiwar Allah, an ce a ƙwaryarki ya yini. Me ɗana ya yi da ƙasa ta ƙi riƙe shi?"

Na buɗe baki zan yi ƙarya, ta ƙi fita. A gaban samarin nan na faɗi komai, har sunan dillalin. Alƙali ya ɗaure mu. Shekara biyu na yi. Wanda ya saya ya goge komai, har muryoyin.

Da na fito na tuba, na hau mota zuwa Sule Tankarkar neman gafara. Habibu ya tare ni a ƙofa ya ce, "Iya, kin makara. Inna ta rasu da damina."

'Ya'yana, babu hannun da ke sa akwatin nan ya ba ku abu. Kada ku ba kowa lambar sirrinku, ko da mai furfura ce. In kuma aka jingina muku wata baiwa da kuka san ba ku da ita, ku musa a ranar, tun ana dariya. Gafarar mai rai ana iya nema. Ni wadda na zalunta tana ƙasa, kuma can za mu haɗu.