Hotuna Uku da Na Riƙe a Wayata

Akwai abin da na yi wa ɗiyar gwaggona wanda har in koma ga Allah ba zai fita daga raina ba. Ban zage ta ba, ban ci mata komai ba. Hotuna uku ne kawai na riƙe a wayata, ban nuna wa kowa ba.

A lokacin ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a nan Matameye. Ina da shafi a Fesbuk wanda mata suka sani sosai, kuma ina cikin rukunonin Wasap na matan Damagaram da na Yamai. Abin da na shahara da shi shi ne tallata mutane: mai lalle, mai turaren wuta, mai kayan kwalliya. Ba na karɓar ko dala. Amma ina son in buɗe waya in ga an rubuta, "Madan, Allah ya saka da alheri," a gaban jama'a. Yanzu ne na gane yabon nake bi. A wancan lokacin gani nake ba wanda ya kai ni taimako.

Ita kuwa a Tsauni take zaune. Na girme ta, Yaya take ce mini. Mijinta ya rasu ya bar ta da ƴaƴa uku da keken ɗinki. Zannuwan gado take ɗinkawa, sannan ta zauna da allura ta bi gefensu da adon zare, furanni da tsuntsaye ƙanana, wanda sai ka matso kake yarda hannu ne ya yi.

Wata ranar kasuwa ta shigo gidana da ƙunshi a ka, ƙafafunta fututu. Ko ruwa ba ta gama sha ba ta kwance ƙunshin, ta shimfiɗa zannuwa uku a kan tabarma.

"Yaya, an ce in kika sa abu a wayarki har Yamai ana gani. Ki sa mini waɗannan. A ƙauye kowa yabawa yake, amma ba mai iya saye."

Na ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne. Riƙe su in ɗauka."

Ta tsaya jikin katanga ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, tana dariyar kunya, na ɗauka. Da ta tafi na duba hotunan, sai na ga katangar ƙasa a bayanta, ga hijabinta ya koɗe, ga yatsunta duk kaushi. Shafina kuwa cike yake da mata masu sheƙi. Na ce a raina sai ta dawo mun sake ɗauka a ɗaki mai fenti. Ban gaya mata haka ba, don kada ta ji na raina ta.

Wayarta ƴar ƙarama ce mai maɓalli, ba ta shiga Fesbuk, ba ta da yadda za ta duba. Bayan mako guda ta kira ni.

"Yaya, akwai wanda ya yi magana?"

Na ce, "Ba tukuna, ki ƙara haƙuri."

Ban yi ƙarya ba, haka na riƙa faɗa wa kaina. Ba wanda ya yi magana, tun da ba wanda ya gani. Ta sake kira sau biyu, amsar ita ce dai. A na ƙarshe ta ce, "To, Allah ya sa haka ne mafi alheri." Daga nan ba ta ƙara kira ba, ni kuma na ji sauƙi a raina. Wannan sauƙin da na ji, har yau kunyarsa nake.

Daminar shekarar ba ta yi kyau ba, gero bai yi ba. Bayan kaka na je Tsauni gaishe da gwaggo, na tarar da manyan ƴaƴan biyu a wurinta. Na tambayi uwarsu. Gwaggo ta dube ni ta ce, "Au, ba ta sallame ki ba? Ta sayar da keken, ta goya ƙaramin, ta bi matan da ke tafiya Aljeriya neman abinci."

Ban san yadda na dawo Matameye ba. Ina shiga gida na sa hotunan a shafina, yadda suke, da katangar da komai. Kafin la'asar mata sun cika wurin da tambaya. Washegari wata Hajiya ta kira ni daga Damagaram, za ta aurar da ɗiya, tana son irin zannuwan da yawa, kuma ƙawayenta ma suna so. Ta ce, "Madan, haɗa ni da mai ɗinkin nan." Na ce mata mai ɗinkin ba ta nan. Ba wanda ya ko ambaci katangar.

Sai bayan shekara ɗaya da rabi ta dawo, ita da ƙaramin, cikin motocin da ake maido mutanen da aka koro daga Aljeriya. Ta rame, rana da rairayi sun taɓa mata ido, sai ta runtse kafin ta gane mutum. Na je Tsauni, na bari masu yi mata sannu da zuwa suka watse, na zauna kusa da ita, na faɗa mata komai, ban rage ba.

Sannan ta ce, "Ashe ba ki sa ba, Yaya?"

Na ce, "Ban sa ba."

"Ni na ɗauka kin sa, duniya ta gani, ba wanda ya so. Na ce in har mutanen birni sun gani sun ƙi, to aikin nawa ne ba shi da kyau. Shi ya sa na sayar da keken."

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, ita ce ma ta riƙa ba ni haƙuri, tana cewa haka Allah ya rubuta. Na ce zan saya mata wani keke. Ta girgiza kai, ta ce yanzu ko zare ba ta iya zurawa a allura. Yau awara take soyawa a ƙofar gidan gwaggo. Muna zumunci, ba ta taɓa tayar da maganar ba.

Abin da na koya shi ne, wanda ya kawo maka aikin hannunsa ya ce ka nuna wa mutane, ba hoto kaɗai ya ba ka ba, jira yake ya ji ko shi ma yana da daraja. In za ka yi, ka yi a ranar. In ba za ka yi ba, ka faɗa masa gaskiya ya nemi wata hanya. Shirun da ka yi don kada ka ɓata masa rai, shi zai ɗauka amsar duniya ce, kuma a kanta zai yanke shawarar rayuwarsa.