Tarihin ƙauyen su Hadiza daga bakin waya

Ina cikin duba aikin 'yan ajina ɗazu, sai na ajiye biro na dafe kai.

Tarihi nake koyarwa a wata sakandare a Faskari. Sati biyu ina fama da yaran nan a kan AI ɗin da ke cikin waya: duk abin da ya faɗa, a tambaye shi "in ji wa?", kamar yadda ake yi wa mai kawo labari majalisa. Sannan na ce kowa ya rubuto tarihin ƙauyensu daga bakin tsofaffi.

Hadiza ta kawo shafi biyu. Wai kasuwa na ci, ana gayya, rumbuna cike da dawa. Alhali ƙauyensu na wajen Sabuwa 'yan bindiga sun tashe shi, kufai ne yanzu.

Na ce, "Hadiza, kakarki ce ta ba ki wannan labarin?"

Ta sunkuyar da kai. "A'a Malam, waya ce. Na tambayi Iya, sai ta kama kuka. Ita waya ba ta kuka."

Wallahi na gaji. Har yanzu ban sa maki ba. Malamai 'yan'uwana, in ku ne, maki nawa za ku ba ta?