Baƙar Igiyar Tani

Tani ungozoma ce a wani ƙauye na karkarar Gabi. Shekara talatin da huɗu tana yanke cibi, kuma ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. A ɗakinta akwai igiyar rama biyu rataye a jikin azara. In aka haihu, sai ta yi ƙulli ɗaya a farar. In jaririn ya koma kafin ranar suna, sai ta ƙulla a ɗayar, wadda ta rina da baba.

Idonta ya fara rauni. Macen da naƙuda ta yi wa gardama kuwa, sai dai a ɗora ta a amalanke zuwa babban asibiti, tafiyar awa uku. Shi ya sa da aka sa ƙauyen cikin jerin waɗanda za a turo wa ungozomar asibiti, Tani ta fi kowa murna.

Ƙaramin asibitin ƙauyen yana da rajista, kuma layin farko na kowane shafi suna ne. Jaririn da ya rasu a kwana na biyu ko na biyar ba shi da suna. A naɗe shi a ƙyalle, a rufe shi, a ce wa uwar ta yi haƙuri, babu mai zuwa asibiti ya faɗa. Duk wata ana kai lissafin rajistar zuwa Madarumfa, daga can ya wuce Yamai, inda masu bincike suka tattara na shekara biyar suka kwatanta. Ƙauyen su Tani ya fito da mutuwar jarirai biyu kacal. Aka cire shi daga jerin, aka ce wasu sun fi shi buƙata.

Bayan girbin gero wata mai bincike, Firdausi, ta zo da mota. Ado, majon asibitin, wato ma'aikacin jinyar da ke riƙe da shi, ya aika aka kira Tani.

"Inna, sannu da aiki," in ji Firdausi. "Sirrinku muka zo koyo. Ya kuke yi jariranku ba sa mutuwa?"

Tani ta dube ta, ta dubi Ado. Ta juya gida, ta dawo da baƙar igiyar ta shimfiɗa a kan rajistar.

"Ƙirga daga nan, ɗiyata. Nan ce daminar da ruwa ya ci gadar rafi, shekara biyar ke nan."

Firdausi ta ƙirga. Arba'in da ɗaya.

"Wanga na Rabi ne, kwana biyu. Waɗanga tagwayen Maryama ne. Kai kuma Ado, wanga ɗan ƙanwarka ne, ko ka mance? Kai ka ara musu dagin haƙa kabari!"

Ado ya sunkuyar da kai. "Inna, babu suna. Ina zan rubuta shi?"

"To wanda bai ci ragon suna ba, uwarshi ba ta yi wata tara ba ke nan? Kabewa ta haifa?"

Firdausi ta ɗauki hoton igiyar. Ta ce ta yarda, amma ƙulli ba shi da kwanan wata, ba zai shiga lissafi ba, kuma an riga an sa hannu a jerin. Za a sake dubawa nan da shekara uku.

Arba'in da ɗaya, a hannun tsohuwar da za ta iya faɗin uwar kowanne, amma biyun da ke takarda su aka ɗauka gaskiya. Babu wanda ya taɓa tambayarta sai da aka gama yanke hukunci.

Tun daga ranar Tani ba ta jiran suna. In jariri ya koma, kafin ta wanke hannu sosai tana bakin asibiti da sandarta, kuma ba ta tashi sai Ado ya rubuta a layin sunan: ɗan wance, kwana kaza. Tana sa shi ya karanta mata, sannan ta je gida ta ƙulla. Bana sau bakwai ta je. Amalanken yana nan a ƙofar gidanta.