Shekarar da Umma Ta Shuka Waken da Ba a Ci

Da safiyar wata Lahadi cikin hutun ƙarshen shekara, lokacin ina 'yar shekara tara, na fito bayan gidanmu na Taman Melati da buroshi a baki, sai na tarar da Umma a durƙushe tana tonon ƙasa da tsohuwar wuƙar kicin. An yi ruwa da asuba, jar ƙasa duk ta manne mata a gwiwa da gefen zani, ga wata 'yar takarda mai hoton furanni ta ɗora a kan bokiti don kada ta jiƙe. Tana tono tana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa. Na tsaya kumfa na zubo mini a haɓa, domin rabon da in ji muryar Umma da waƙa tun muna Funtuwa.

Karatun Abba ne ya kai mu Kuala Lumpur. Ya samu tallafin yin digiri na uku, ya kama mana haya a wani layi na gidaje manne da juna, kowane da ɗan fili a baya wanda tabarma biyu za su rufe shi. Ni da ƙanena Mubarak ba mu daɗe ba muka saje. Kafin a ce me, bakinmu ya karye da Malayanci, Umma ta aike mu da Hausa mu amsa mata da "boleh", wato "to". Ina dawowa daga makaranta zan yi sharar tsakar gida da wanke-wanke a gurguje, in tsallaka wurin Aina, jikar maƙwabciyarmu, mu baje a baranda muna wani wasa wanda carafke ce zalla, sai dai su da 'yan ƙullin tsumma cike da shinkafa suke yi maimakon duwatsu. Idan hadarin la'asar ya taso mu ruga mu kwashe shanya, idan ya ɗauke mu tafi bakin titi kallon jirgin ƙasan nan mai bi ta sama. Umma kuwa ba ta da kowa. Abba yakan fita da sassafe sai bayan magariba. Ba ta jin Turanci, ba ta jin Malayanci, ga ta macen da ta tashi a babban gida mai hayaniya, inda kakarmu take da lambun kuɓewa da rama a bayan ɗaki. Haka za ta wuni a gefen taga da carbi a hannu. Wata rana ina goge takalmin makaranta na ji tana ce wa Abba, "Malam, ka yi haƙuri. In an yi ƙaramar Sallah zan kwashi yaran nan mu koma gida, kai ka ƙarasa ka same mu." Ni dai ba na son barin Abba, ba na son barin Aina, kuma ba na son ganin Umma a bakin tagar nan.

Ina jin wannan maganar ce ta sa Abba ya saka mu a bas da aka yi hutu, ya kai mu tsaunukan Cameron, inda sanyi yake har sai da muka sa rigunan sanyi. A wani lambu can Umma ta ja ta tsaya a gaban wata shuka da ta hau raga, furanninta wasu fari, wasu ruwan hoda, ƙamshinsu kuwa kamar an buɗe kwalbar turare mai tsada. Ta shafa ganyen, ta duba 'yan kwanson da ke rataye, ta ce ai wannan wake ne. Abba ya tambayi mai lambun, ya juyo ya ce mata, "Dangin wake ne, amma ba a ci. Don furen kawai ake shuka shi, in ma an ci sai ya yi illa." Umma ta yi dariya har da riƙe ciki. "Yau na ga ikon Allah," in ji ta, "wake ɗan gayu!" Ta sa Abba ya saya mata irin, duk da mai lambun ya faɗa cewa shukar ba ta son zafin birni.

Tun daga Lahadin nan kowa ya samu aiki. Umma ta jiƙa irin ya kwana, ta ɗan kankare bawon kowace ƙwaya da abin yanke farce, ta binne su a jere. Abba ya samo sandunan gora ya kafa, ya ɗaura igiyar leda a tsakaninsu. Ni ce mai ban ruwa kafin motar makaranta ta zo, Mubarak kuma aka ba shi sarautar dodon koɗi, kullum da safe ya bi ya tsince su ya zuba a gwangwanin madara, ya kai su can bakin kwalbati yana yi musu gargaɗi kada su dawo. Ranar da tsiron farko ya leƙo, Umma ta tashe mu tun gari bai gama wayewa ba. Daga nan muka riƙa ganin siraran zaruruwa suna fitowa daga jikin shukar, suna laluben igiya suna nannaɗe ta kamar yatsun jariri. Ni da Mubarak har musu muke yi a kan wadda za ta riga kaiwa sama.

Sai kuma ruwa ya ɗan ja baya, zafi ya buɗe. Ganye ya soma yin ɗorawa daga ƙasa. Da rana tsaka Umma takan shimfiɗa tsohon zaninta a kan gorar don ta yi musu inuwa, da kuma Abba ya ce sanyi suke nema a saiwa, sai ta riƙa aiken mu shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi da ke kan kwana, mu sayo ƙanƙara. Mu taho a guje tana ɗiga a ƙafafunmu, mu jera ta a gindin shuka, abin da ya rage mu tsotse. Mai shagon ya ɗauka biki muke yi kullum, da na gaya masa wake muke ba wa sai ya riƙa ƙara mana kyauta yana girgiza kai. Duk da haka ɗaya bayan ɗaya suka bushe. Kowacce ta mutu sai in dubi fuskar Umma, in tuna da maganar Sallah.

Guda ɗaya ce ta tsira, wadda take jikin katanga inda rana ba ta kai wa sai da hantsi. Ba ta yi tsawo ba, siririya ce abin tausayi, amma wata safiya muka tarar ta buɗe 'yan furanni masu ruwan hoda, ƙamshinsu ya cika bayan gidan. Umma ta daɗe a tsugune tana shinshinawa. Can ta ɗaga kai ta ga kakar Aina, wadda duk layin ke kira Makcik, tana leƙowa ta saman shingen waya. Watanni suna maƙwabtaka, gaisuwar kai kawai ke haɗa su. Umma ta tsinko fure ɗaya ta miƙa mata. Makcik ta kai hanci, ta lumshe ido, ta yi wata doguwar magana da Umma ba ta fahimci ko kalma ɗaya ba, amma ta amsa da "Wallahi kuwa, Baba." Da yamma sai ga Makcik ta dawo da busassun kwanso cike da tafin hannu. Ta ce in gaya wa Umma sunansa telang, shi ma dangin wake ne, amma ɗan gari ne, ba ya bukatar lallashi.

Gaskiyarta kuwa. Ba jiƙo, ba ƙanƙara, shukar nan ta tashi ta cinye gorar Abba, ta haye shingen ta rufe shi ruf, ta yi ta zubo furanni shuɗaye kamar an tsoma su a baba. Kowace safiya Umma tana wannan gefe, Makcik tana wancan, suna tsinka suna zubawa a kwano, wannan na Hausa, waccan na Malayanci, hannuwa na cike abin da baki ya kasa. Da farko ni suke kira in yi tafinta, daga baya suka daina nemana. Makcik ce ta nuna mata yadda ake jiƙa furen a ruwan zafi a dafa shinkafa da shi ta fito shuɗiya, kamar yadda ake yi a garinsu. Ta matsa lemon tsami a ruwan ya rikiɗe ya koma ruwan hoda mai duhu a gaban idonmu, Mubarak ya ɓuya a bayan Umma yana cewa tsafi ne. Ita kuma Umma ta koya mata waina da dambun shinkafa. Har kasuwa suka soma tafiya tare, Umma ta dawo tana ba mu labarin yadda ta taya kifi da yatsu.

Ranar Sallah ɗalibai 'yan Najeriya suka cika mana falo kamar yadda suka saba, saboda gidanmu na cikin 'yan gidajen da ke da uwargida. Umma ta fito da babban faranti ta buɗe, sai ga waina shuɗiya shar, da miyar taushe a gefe. Wani abokin Abba, Malam Tukur, ya gyara hula ya ce, "Hajiya, Allah ya sa dai ba bular wanki ce ta faɗa ƙullun ba." Abba ya yi bismilla ya ɗauki ɗaya ya kai baki, kowa na kallonsa kamar ana jiran ya canza launi. Da ya miƙa hannu ya ɗauki ta biyu sai aka yi ca a kan farantin. Malam Tukur ɗin nan shi ne ya roƙi a yi masa tapau, wato a ƙulle masa ya tafi da ita. Bayan azahar Makcik ta shigo da iyalanta cikin kayan Sallah masu launi ɗaya, aka zauna a ƙasa ana ci ana dariya, Umma na ta kai da kawo fuskarta kamar ba ita ba.

Da la'asar baƙi suka watse, ina tsugune a bayan gida ina wanke kwanuka, na san yanzu za a soma maganar akwati da tikiti. Abba ya fito yana saƙace. Umma tana tsinkar busassun kwanso a jikin shinge, ba ta ko juyo ba ta ce, "Malam, ka ƙaro mini gora. Kuma ka tambayi masu zuwa daga gida su taho mini da irin kuɓewa da rama, in na shuka yanzu kafin babbar Sallah mun fara ci." Abba ya ce, "To, an gama." Ya dube ni, na dube shi. Na saki kwanon da ke hannuna na tsallaka gidan su Aina da kumfa har gwiwar hannu. Ba mu bar ƙasar ba sai da Abba ya kammala karatunsa, muka taho gaba ɗaya, Umma da Makcik suna rungume da juna a bakin mota suna kuka.

Yanzu nawa karatun ne ya dawo da ni wannan birni. Ina zaune a Bukit Jalil, can saman wani dogon bene, inda ake kawo mini abinci har ƙofa da danna waya, kuma ban san sunan wanda ke ɗakin kusa da ni ba. Kwanan baya na hau jirgin ƙasa na je Taman Melati. An ce mini Makcik ta koma garinsu wurin ɗanta, a can Allah ya yi mata rasuwa, Aina kuma ta yi aure a wata jiha. Waɗanda ke cikin tsohon gidanmu yanzu sun rufe bayan gidan da kwano sun mai da shi kicin. Na kira Umma daga bakin layin, tana Funtuwa cikin jikoki, na gaya mata. Ta yi wa Makcik addu'a mai tsawo, sannan ta tambaye ni ko na ci abinci. Na shiga gidaje manya-manya tun daga lokacin, amma ban ƙara zama a wuri mai yalwar wannan ɗan bayan gida ba.