Ranar da Na Sa Aka Rushe Madafina Saboda Mota

Matso kusa ka ji wannan, don ni dai har in koma ga Allah ba zan manta ranar da na sa aka rushe madafina da bakina ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar mana tsohuwar mota a tsakar gidanmu na unguwar Nima, irin ta da ɗin nan mai zagayayyun fitilu da doguwar kujerar gaba kamar benci. Shekaru ta yi a zaune, kaji suna ƙwai a ciki. Masu sayen tsofaffin ƙarafa na kasuwar Agbogbloshie kullum sai sun leƙo: "Mma, ki ba mu mu yanka ta ki huta." Saura kaɗan in yarda.

Autana ne ya hana. Lokacin yana koyon gyaran mota a unguwar Kawukudi, ga shi kuma an sa ranar auren yayarsa. Ya ce, "Mma, ki bar min ita. Motar Baba ce za ta kai yayata gidan mijinta." Na yi dariya har da riƙe ciki. Na ce, "Wadda kaza ta yi ƙyanƙyasa a ciki? To, gyara mu gani."

Ashe da gaske yake. Shi da abokansa suka duƙufa, suna kankare tsatsa, suna yawon neman kayan da an daina yi tun kafin a haife su. Ni ban san komai a mota ba, amma na san ciki, kullum sai na ɗora musu shinkafa da wake.

Ranar kai amarya da hantsi, gida cike da mata ana girki, sai muka ji injin ya yi tari, ya sake tari, ya kama! Guɗa ta ko'ina. Auta ya juya kan motar zai fita, sai ya taka birki, ya ƙura wa ƙofa ido.

Ka san Nima, fili ba ya zama banza. Babbar ƙofar da motar ta shigo ta ciki tun zamanin maigida, a nan na gina madafina, na bar 'yar ƙofar da ko mai ɗauke da daro sai ta karkata. Duk watannin nan, babu wanda ya ɗaga kai ya duba.

Maƙwabciyata ta ce, "Ei! To amarya ta shiga a zagaya da ita tsakar gida, a sauke ta a bakin famfo." Wani ya ce a kwantar da motar ta gefe a tura. Kowa na dariya, ban da auta. Yana tsaye, hannu baƙi ƙirin da mai, ya ce a hankali, "Ba komai, Mma. A kira tasi."

Wannan "ba komai" ɗin ce ta soke ni. Na san in motar nan ta kwana a gida, yaron nan ba zai ƙara taɓa irinta ba.

Na ce, "Ku kwashe min tukwanena."

"Mma, abincin biki fa?"

"A ƙarasa shi a lungu. Ina guduma?"

Wallahi samarin nan kamar jira suke. Kafin la'asar bango ya faɗi, mota ta fito tana sheƙi, yara na binta da ihu, masu tebur na janye kayansu a ba ta hanya. Amarya ta zauna a baya tana kuka tana dariya.

Yau auta yana da rumfarsa, tsofaffin motoci kawai yake tayarwa, matasa na koyo a hannunsa. Abin da na koya shi ne, matashi mai son sana'a ba ya rasa ƙwazo, hanya yake rasawa, kuma sau da yawa mu manya ne muka gina abinmu a kanta. Kai fa, wane bango za ka iya rushewa don yaronka ya wuce?