Lado da Ƙyalesu a Asibitin Dabbobi

Duk wanda ke shiga kasuwar Ƙauran Namoda ya san Lado mai baro, ko da bai san sunansa ba. Dogon tsoho ne, da wani baƙin kare mai furfura a baki yana binsa. Da can manomi ne a wani ƙauye bayan Sakajiki, yana noma geronsa, rani ya yi ya ɗan taɓa farautar zomo. Ranar da 'yan bindiga suka tashi ƙauyen, shi da matarsa Kulsumu suka haye babur ɗaya da ƙullin kayansu. Mai babur ya ce shi fa ba ya ɗaukar kare. To, karen nan da ƙafarsa ya biyo su har Ƙaura.

Kulsumu ba ta yi shekara biyu a birni ba Allah ya yi mata rasuwa. 'Ya'ya sun watse neman abinci. Sai ya rage daga Lado sai Ƙyalesu, sunan karen ke nan, a wani kango da aka ba su aro. Ba wani daɗi rayuwar ta yi musu ba, amma dai in Lado ya yi magana akwai mai ɗaga kunne.

Bana Ƙyalesu ya cika shekara goma sha uku, ƙafafunsa na baya suka fara ƙin ɗaukarsa. Lado ya yi abin da kowa ke yi wa dabbarsa a ƙauye: ya sa aka sayo masa kwalbar maganin shanu a Kasuwar Daji, da sirinji. Ai kowa likitan kansa ne a can! Saniya cikin sirinji, rago rabi, akuya abin da ido ya gani. Shi kuwa don tsabar so, sai ya cika sirinjin fal ya ba karen, kwana uku a jere. A rana ta huɗu karen ya daina cin abinci, ko ruwa ya sha sai ya amayar.

Da hantsi ya shimfiɗa buhu a baro, ya kwantar da shi, ya tura har wani ɗan asibitin dabbobi da ke bayan kara, wato kasuwar shanu. Masu shanu da awaki sun cika rumfa. Mamuda, wanda ke kama wa likita dabbobi, ya leƙa baron ya ja da baya.

"Kai, Baba! Nan hwa shanu muka gani. Wannan ai ka kai shi daji ka baro shi, ka huta."

Aka yi dariya. Lado ya gaji da irin wannan dariya tun ba yau ba. Ya ja baronsa gefe, cikin rana, ya tsaya.

Can likitar ta fito, wata siririyar mata mai suna Nafisa, ita ma da ganin idonta ka san ta sha aiki. Ta dubi Mamuda kallo ɗaya, dariyar ta mutu. Ta ce a shigo da baron inuwa, ta tsuguna, ta ɗora hannu a kan karen tana shafawa.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Mi sunanai?"

Lado ya faɗa mata sunan karen. Wallahi ya manta rabon da wani ya tambaye shi wannan. Ta duba dasashin karen, ta danna cikinsa a hankali, ta tambayi ko an ba shi wani abu. Ya zaro kwalbar daga aljihu har da ɗan alfahari, ya nuna mata da yatsa inda ya cika sirinji. Ta daɗe tana kallon kwalbar.

"Baba, ba zan ɓoye maka ba. Ƙodarsa ta tafi. Ba ni da abin da zai tashe shi."

"Maganin ne?" in ji Lado. "Ki gaya min gaskiya, ɗiyata. Ni na kashe shi?"

"Tsufa ya riga ya ci ƙarfinsa. Maganin ya yi masa yawa, ya gaggauta abin, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya turo kare a baro daga kasuwa cikin wannan rana ba mugunta ya yi niyya ba."

Lado ya zauna a ƙasa ya yi kuka, kukan da bai samu sararin yi ba tun barinsu gida. Masu shanu duk suka sami abin kallo a wani wajen. Nafisa ba ta hanzarta shi ba. Ta yi wa karen allurar rage zafi, ta ce ya kai shi inuwa, ya riƙa jiƙa masa baki da ruwa, ya zauna kusa da shi. Mamuda da kansa ya jiƙo wani buhu ya lulluɓa wa karen, ba tare da ya haɗa ido da kowa ba.

Lado ya kama hanyar kango, yana yi wa Ƙyalesu surutu, yana ba shi haƙuri. Wajen tsohuwar tashar jirgi ya lura cikin karen ya daina motsi. Ya tsaya, ya ɗaga buhun, ya yi salati, ya mayar ya rufe. Sannan ya ci gaba da turawa a hankali, yana kauce wa duk wani rami don kada baron ya girgiza shi.